Yadda Ake Tsara Kwanson Rediyo A Kwamfuta Kafin A Zuba Roba

Duk Bahaushen da ke kasa rediyo, tocilan da cajar waya a Diobu ta Fatakwal, ko Ogbete ta Inugu, ko babbar kasuwar Anacha, ya san inda asara ta fi shigo masa. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, kwanson robar ne ke tsagewa a gindin sukuru, mai saye kuwa ya dawo da kaya yana faɗa.

Wannan aibi tun daga zane yake farawa. A da, da fensir da takarda ake tsara kwanson. Amma tun fitowar manhajar AutoCAD a 1982, da SolidWorks a 1995, aikin ya koma kwamfuta. Yau har akwai FreeCAD wadda ake samu kyauta.

Mai zane yakan fara auna allon lantarkin da zai zauna ciki, da gurbin batir, da ƙofar waya, sa'an nan ya gina bango kewaye da su. Kaurin bangon yakan kama milimita 2 zuwa 3, kuma tilas ya zo ɗaya ko'ina, domin wuri mai kauri yakan daɗe bai huce ba, sai ya lotsa ko ya karkace. Saboda haka ba a ƙara wa gindin sukuru ƙarfi ta cika shi da roba. 'Yan haƙarƙari sirara ake yi masa su tokare shi. Haka kuma ana kwantar da bangon digiri 1 ko 2 don kwanson ya zame daga mazubin ƙarfe. Maƙeranmu masu zubin tukunyar alminiyam sun san wannan dabara tun kwamfuta ba ta zo ba.

Ita ma robar iri-iri ce. ABS, wadda aka fi yin kwanson rediyo da ita, takan tsuke wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 idan ta huce. Polifurofilin, irin wadda masana'antar Eleme kusa da Fatakwal ke yi (Indorama ce ta saye ta a 2006), tana tsukewa fiye da ninkin haka. Wanda ya manta wannan lissafi, murfinsa ba zai hau ba, alhali kuwa an riga an sassaƙa mazubi, shi ne kuma ya fi komai tsada a aikin.

Don haka ake fara fitar da samfur guda da na'urar 3D a gwada tukuna. Sai dai 'yan kasuwa su lura: robar PLA da aka fi sa wa na'urar takan fara laushi a zafin digiri 60, watau tana iya lanƙwashewa cikin motar da aka rufe a rana. ABS kuwa sai ta kai wajen digiri 100.