Shin Ko Kun San? Tal National, Makaɗan Yamai da Alƙali Ke Ja wa Gaba

Shin ko kun san cewa in ana zancen kiɗan jita na Nijar a ƙasashen waje, Bombino da Mdou Moctar ake fara ambata, alhali a Yamai akwai ƙungiyar da ta daɗe tana hana gari barci? Sunanta Tal National, an kafa ta a shekarar 2000. A ganina an ci musu haƙƙi, har a nan Najeriya, inda da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunansu duk da maƙwabtaka.

Shin ko kun san jagoransu alƙali ne? Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya yi aikin shari'a a Yamai, kuma kafin nan ya taka leda a fagen ƙwallon ƙafa. Da rana kotu, da dare jita a kafaɗa. Ni dai ina tausayin wanda ya kwana yana rawa a gabansa, gari ya waye aka kira shari'arsa.

Shin ko kun san tsawon wasansu? A gida an san su da yin dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar. Nan ne sirrin yake. Da wuya mutum ɗaya ya jure dukan ganga na awa biyar, don haka suna da makaɗa fiye da waɗanda dandali ke ɗauka, ana karɓa-karɓa: wannan ya gaji ya sauka, wancan ya haye, kiɗa bai yanke ba. Wani lokaci ma sukan rabu gida biyu, su yi wasa a wurare biyu a dare guda, kowane ɓangare da sunan Tal National. Wanda ya yi shekaru yana irin wannan aiki, hannunsa ba ya tuntuɓe. Shi ya sa za ka ji kiɗan na gudu kamar an saki doki a sukuwa, kwatsam su juya shi gaba ɗaya a bugu guda, babu wanda ya kalli ɗan'uwansa.

Kalangu fa? Yana nan, tsakiyar jitocin lantarki, yana magana kamar a gidan biki. Turawa na kiran kiɗan nasu rok. Kunnen Bahaushe kuwa zai ji gida a ciki, domin ƙungiyar ta haɗa Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, kuma suna waƙa da harsunan ƙasar.

Shin ko kun san a bakin titi suka riƙa sayar da faya-fayansu, a shataletalen Yamai? Sai a 2013 kamfanin FatCat Records na Ingila ya fitar da faifansu Kaani ga kasuwar duniya. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sannan Tantabara a 2018. Wani Ba'amurke daga Shikago, Jamie Carter, shi ya riƙa ɗauko kayan aikinsa zuwa Yamai yana naɗar sautin.

Faya-fayan suna da daɗi, amma waƙar minti shida ba ta nuna maka mutanen da suka saba kwana a tsaye. In za ku fara, ku nemi bidiyon wasansu na kai tsaye, ku zuba wa mai ganga ido.