Hasken da ke tona asirin ƙwayar tarin fuka

Duk mutumin Faskari, Sabuwa ko Ƙanƙara da tari ya ƙi sakinsa har sama da mako biyu, abin da ma'aikatan lafiya za su fara nema gare shi shi ne kakinsa.

Tun 2016 Najeriya ta ɗauki na'urar GeneXpert a matsayin gwajin farko na tarin fuka. Cikin sa'a biyu takan faɗi ko akwai ƙwayar cutar, da kuma ko ta daina jin maganin rifampicin.

Na'urar ba ta ganin ƙwayar cutar. Haske take aunawa, kuma tushen dabarar tata daɗaɗɗe ne.

Aron ƙarfi

Akwai sinadaran da idan aka haska su sukan mayar da haske mai wani launi. A 1948 wani masani ɗan Jamus, Theodor Förster, ya bayyana abin da ke faruwa idan ƙwayoyin irin waɗannan sinadarai biyu suka kusanci juna: ta farko, maimakon ta yi haske, sai ta miƙa wa ta biyu ƙarfin da ta samu. Hasken ta farko ya dusashe, na ta biyu ya tashi. Masana na kiran wannan FRET.

Sharaɗin shi ne kada tazarar ta wuce kimanin nanomita 10. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Kuma abin ba ya son nisa ko kaɗan. A inda rabin ƙarfin ke wucewa, da an ninka tazarar sau biyu, abin da zai wuce bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Wannan ne ya sa ya zama ma'auni. Madubin likita na yau da kullum ba ya rarrabe abubuwa biyu da ke tsakanin da bai kai nanomita 200 ba. Amma idan aka maƙala wa furotin biyu launi daban-daban a cikin ƙwayar halitta mai rai, sauyin launi a hoto zai nuna ko sun haɗu.

Inda gizo ke saƙa

Aunawar ce ke da wuya, domin hasken ta farko yakan kutsa cikin hoton ta biyu, har mai bincike ya zaci ya ga abin da babu.

Saboda haka wasu kan ɗauki hoto uku, su cire wannan kutsen da lissafi. Wasu kan ƙone ta biyu da haske mai ƙarfi, in hasken ta farko ya ƙaru, to da ma aro take bayarwa. Sai dai an lalata samfurin ke nan, ba a maimaitawa.

Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce auna tsawon lokacin da hasken ta farko ke ɗauka kafin ya mutu, wanda bai wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa ba. Kayan aikinta na da ɗan karen tsada.

GeneXpert na amfani da 'yar'uwar wannan dabara ba tare da hoto ba. Cikin kwanson gwajin akwai zaren sinadari da aka lanƙwasa, bakinsa ɗaya mai haske, ɗayan mai shanye hasken. Da ya gamu da ƙwayar gadon cutar sai ya miƙe, bakunan su rabu, haske ya fito. In ƙwayar ta sauya yadda magani ba ya kama ta, zaren ba ya zama daidai, na'urar kuwa ta lura.

Sai dai na'urar na son wutar da ba ta yankewa da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, abin da watan Afrilu a kudancin Katsina ba ya bayarwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Ga kuma hanyoyin da hare-haren 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutanen ƙauye bi, alhali sai kakin ya isa ɗakin gwaji tukuna.