Rufin Kwano da Zafin Ɗaki

A watannin Maris da Afrilu, mazauna Kuje da sauran garuruwan Yankin Babban Birnin Tarayya sukan sha zafi cikin ɗakuna masu rufin kwano, ko da suna zaune a inuwa. Ga dalili.

Kowane abu mai ɗumi yana fitar da zafi ta hanyar wani haske wanda ido ba ya gani. Tun 1859 wani masani Bajamushe, Gustav Kirchhoff, ya nuna cewa abin da ya fi shan wannan haske shi ne kuma ya fi fitar da shi. Baƙin abu yakan shanye kusan duka, mai ƙyalli kuwa yakan mayar da mafi yawansa. Saboda haka kwanon da ya yi tsatsa yakan gasu da rana, sa'an nan ya watsa zafin bisa bango da daɓe da jikin mutum, su kuma su yi ta musayarsa har ɗaki ya zama tanderu.

Don haka a shafa wa saman kwano farin fenti, a bar cikinsa da ƙyallinsa. A sa silin, a bar kafar da iska za ta ratsa. Jarirai da tsofaffi ne zafi ya fi galabaitarwa. Lalle a kiyaye.