Giya da Nauyin Jiki: Me Ke Kawo Teɓa, Me Ke Kawo Rama?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan uwa, hukuncin giya a fili yake, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Amma akwai zancen da ke yawo tsakanin samari wanda ya kamata mu warware. Wasu na cewa giya na gina jiki, wai dubi teɓar masu sha. Wasu kuma sun ce tana narka kitse, wai dubi yadda mashayi ke ramewa. To, ina gaskiyar take?

Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin da ake kira kalori. Giram ɗaya na sukari yana da kalori 4, na mai yana da 9, shi kuwa sinadarin da ke sa maye yana da 7. Babbar kwalbar giya guda takan haura kalori 250, alhali kusan babu abin gina jiki a cikinta. Burukutu da fito ma wannan sinadarin ne a cikinsu.

Sannan jiki ba shi da rumbun ajiye wannan sinadari, guba yake ɗaukarsa. Da ya shiga, sai hanta ta jingine aikin ƙona kitse, ta fara da shi tukuna. Kafin ta gama, man da aka ci ya samu wurin zama. Ga shi giya tana buɗe cin abinci, tana kuma raunana hankalin da zai ce wa mutum ya isa haka. Sai tsire da soye-soye su bi baya cikin dare. Asalin teɓar ke nan.

Ramar fa? Wannan takan zo wa wanda ya yi nisa. Giya ta maye masa gurbin tuwo, hanjinsa ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, bitamin B1 ya yi ƙaranci, tsoka ta zube. In hanta ta lalace, ruwa kan taru a ciki, ka ga mutum hannuwa sun tsotse, ciki ya kumbura. Mai kallo daga nesa ya ce ƙiba ce, nan kuwa ciwo ne mai kisa.

Ashe teɓar da ramar duk ɓarna ce. Imam Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi ya tambayi Annabi (SAW) game da yin magani da giya, sai ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce.

Wanda Allah Ya jarraba da sha, ƙofar tuba a buɗe take, kuma kitsen da ya taru a hanta kan ragu in an daina da wuri. Sai dai wanda ya daɗe yana sha kullum ya nemi likita ya taimaka masa wajen dainawa, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo karkarwa da farfaɗiya. Kada kuma a maye gurbinta da lemon kwalba da shayi mai tulin sukari, a gudu ba a tsira ba.

Mu kuwa, in ɗan uwanmu ya tuba, mu jawo shi sahu, ban da gori. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.