Wusasa: Inda Ake Gwada Mai Cewa An Kira Shi

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, kamar yadda yake a Argungu, ba baƙon abu ba ne Musulmi ya haɗa katanga da Kirista, ko malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. Muna ganin limaminsu yana zuwa dubiya da ta'aziyya, muna gaisawa da shi a hanya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san turbar da ya biyo kafin a damƙa masa jama'a.

Ɗariƙar Angalikan tana da bishof a Birnin Kebbi, ƙarƙashin lardin Kaduna. A cikin wannan lardi ne Wusasa take, a gefen Zariya, inda Kwalejin Tauhidi ta St. Francis of Assisi ke horar da limamai da masu wa'azi domin majami'un Arewa. Wanda aka sa wa kwalejin sunansa mutumin Italiya ne, wanda a 1219 ya ratsa fagen yaƙi ya gana da Sarkin Musulmin Masar, Al-Kamil, a kusa da Dimyat, kuma ya komo lafiya.

Wusasa ta samo asali ne daga Likita Walter Miller, wanda ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishof Tugwell. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su masauki ba, daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya, a 1929 kuma mishan ta ƙaura zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak. Nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatun farko. Da yawa cikin Kiristocin wurin Hausawa ne da Fulani, Hausarsu kuwa ba ta da gyara.

Kalmar da ta fi yawo a bakin ɗaliban irin wannan makaranta ita ce kira. Mutum yakan ji a ransa cewa an zaɓe shi ga aikin addini, wani yana koyarwa, wani yana aikin gwamnati, ya ajiye ya taho. Sai dai ɗariƙar ba ta karɓar wannan da'awa daga bakin mai ita kawai. Majami'arsa za ta ba da shaida a kansa, bishof ya tantance shi, sannan a tura shi karatu. A ganinmu, jarrabawar gaskiya tana farawa ne bayan haka, kuma ba a takarda ake rubuta ta ba.

Ɗalibi zai zauna shekaru cikin mutanen da bai zaɓa ba: Bahaushe da Bajju da Dakarkari, saurayi da magidanci mai 'ya'ya. Addu'ar safe tare, ta yamma tare, aji da shara tare. Wanda ya iya wa'azi mai sa hawaye amma ba ya haƙuri da abokin ɗaki, kwana kaɗan za a gane shi, domin hali zanen dutse ne. Wanda ya taɓa zama a tsangaya ko a zauren malami ya san wannan awo, inda malam ke karanta ɗalibi a wajen cin tuwo fiye da a gaban littafi. Limaman Angalikan suna aure, saɓanin na Katolika, saboda haka kiran miji yakan zama ƙaurar iyali, matar kuma ita ce za ta tsaya gaban mata a duk majami'ar da aka tura su.

Ana karanta Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, da tarihin ikilisiya, da dabarun wa'azi. Amma darasin da ya fi shafar gidaje shi ne na sauraro da ba da shawara. Ana koya wa ɗalibi ya bar mai kuka ya gama magana kafin ya jawo aya, ya riƙe sirri ko daga matarsa, ya kuma gane inda damuwa ta wuce nasiha ta zama ciwon da sai likita. Abin da ke hannunsa ba ƙarami ba ne: auren da ke tangal-tangal, matashin da ƙwaya ta kama, matar da 'yan bindiga suka kashe wa miji. Irin waɗannan ne ke sallama a ƙofar limamanmu bayan sallar isha'i, sau da yawa daga layi ɗaya.

Kammala karatu ba ya mai da mutum limami. Bishof ne zai naɗa shi dikin tukuna, ya yi aiki ƙarƙashin wani babba, yawanci shekara guda, kafin a naɗa shi firist. Inda zai zauna ma ba shi ke zaɓa ba. Takarda ce za ta zo, ko cikin Birnin Kebbi, ko wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina.