Ko Ka Sani? Halittar Cikin Ƙasa da Ta Ba Mu Maganin Ƙaiƙayin Fata

Ko ka san cewa ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, wanda manomin Danchadi a ƙasar Sakkwato ke shaƙa a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni ya fara duba irin geronsa, wata halitta ce mai rai take fitar da shi? Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Masana suna kiran danginta Streptomyces. Bakteriya ce, amma rayuwarta daban take da ta 'yan uwanta: tana miƙa siraran zaruruwa a cikin ƙasa, tana cin ruɓaɓɓen ganye da kara da taki. Idan abinci ya yanke mata sai ta yi iri, kuma a daidai wannan lokacin take sakin ƙamshin. A 2020 masu bincike a Suwidin da Ingila suka nuna cewa kira ne take yi. Wani mitsitsin ƙwaro mai tsalle da ke zaune a ƙasa mai danshi yakan bi ƙamshin ya zo ya ci, irin ya manne masa a jiki, ya kai shi wani wurin ya yar.

Zaman cikin ƙasa zaman kokawa ne. Dubban halittu suna rububin abinci ɗaya, don haka Streptomyces take haɗa sinadarai iri-iri na kare kai da korar maƙwabta. Daga cikinsu ɗan Adam ya tsinci dukiya mai yawa. A 1943 wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, a ɗakin binciken Selman Waksman na Jami'ar Rutgers a Amurka, ya samo streptomycin, magani na farko da ya iya da tarin fuka. Mectizan, ƙwayar da aka daɗe ana rabawa kyauta a ƙauyukan Najeriya saboda cutar makanta da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, ita ma asalinta wata Streptomyces ce da Satoshi Omura ya samu a ƙasar Japan, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2015 tare da William Campbell.

Wadda ta shafi zancenmu an same ta ne a 1984. Ma'aikatan kamfanin magunguna na Fujisawa sun ɗebo ƙasa daga yankin dutsen Tsukuba, arewa maso gabas da Tokyo, suka tarar da wata Streptomyces da ke fitar da sinadari mai kwantar da garkuwar jiki. Da farko lamba kawai aka sa masa, FK506, daga baya aka raɗa masa tacrolimus. Likitan tiyata Thomas Starzl ya fara ba da shi a Pittsburgh a 1989 ga waɗanda aka yi wa dashen hanta, don kada jikinsu ya ƙi baƙuwar hantar. A 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Yau yana cikin manyan magungunan da ake ba mai dashen ƙoda ko'ina a duniya, aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi tun 2002.

To, mene ne haɗin dashen hanta da yaron da ke kwana yana susa?

Cutar da likitoci ke kira ekzima, musamman irin wadda ke bin jinin gida tare da asma da yawan atishawa, matsala biyu ce a haɗe. Ta farko, fatar ba ta riƙe ruwa. Lafiyayyar fata kamar katangar ƙasa ce mai kyakkyawan yaɓe. Ta mai ekzima yaɓenta ya tsattsage, danshi yana fita, ƙura da sabulu da gumi suna shiga. Ta biyu, garkuwar jiki tana ɗaukar waɗannan ƙananan abubuwa da zafi fiye da kima, sai wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, fata ta ƙara buɗewa, ƙaiƙayi ya ƙaru. A jarirai an fi gani a kumatu, a manyan yara kuma a lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. A baƙar fata ba lallai wurin ya yi ja ba. Yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri. Duk uwar da ta yi renon irin wannan yaro a ƙasar Sakkwato ta san abin da hunturu ke yi masa daga Disamba zuwa Fabrairu, ta kuma san abin da gumin bazara ke yi.

Tacrolimus yana shiga cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ke jagorantar kumburin, ya toshe wani sinadari mai suna kalsinurin, wanda shi ne ke ba su umarnin tashi. Umarni bai fita ba, kumburi ya lafa, ƙaiƙayi ya sauka. Da aka gane haka sai aka mai da shi man shafawa mai suna Protopic, wanda Japan ta amince da shi a 1999, Amurka a ƙarshen 2000. Ɗan uwansa pimecrolimus, mai sunan kasuwa Elidel, ya biyo baya a 2001, shi ma tushensa wata Streptomyces ce. Akwai wani abin sha'awa a nan: ƙwayar sinadarin babba ce, ba ta iya ratsa lafiyayyar fata sosai. Tana shiga ne ta inda fata ta tsage, kuma yayin da wurin ke warkewa, abin da ke shiga jiki raguwa yake yi.

Darajar wannan man tana fitowa ne idan aka ajiye shi kusa da man sitiroyid. Kada a yi mini mummunar fahimta: sitiroyid magani ne na gaske, shi likita ke fara bayarwa, kuma idan an bi ƙa'ida, da ƙarfin da ya dace da kwanakin da aka ƙayyade, yana aiki lafiya lau. Abin da ke damuna shi ne yadda muke amfani da shi. Yaro ya yi ƙuraje, a aika kemis a sayo Funbact-A ko Skineal, ba tare da an san cewa kowannensu haɗin magani uku ne, kuma ɗaya daga cikin ukun sitiroyid ne mai ƙarfi. A shafa, wuri ya yi kyau cikin 'yan kwanaki, a daina, ya dawo, a sake saye. Har akan zuba shi cikin man kaɗe a riƙa shafa wa jariri duk jiki bayan wanka, wai don fata ta yi sumul. Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, wurin ya ɗashe. Jariri kuwa fatarsa tana zuƙar maganin zuwa cikin jini, har ya taɓa girmansa. Idan kusa da ido ake ta shafawa, yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Tacrolimus ba ya sirantar da fata, shi ya sa likitocin fata ke zaɓensa ga fuska, da fatar ido, da wuya, da hammata, da matsematsi, ko ga wanda ya daɗe a kan sitiroyid ana son a hutar da fatarsa.

Amma sinadarin da ke iya hana jiki ƙin hantar wani ba abin saye da ka ba ne. Sai likita ya duba ya rubuta, kuma babban dalili shi ne ba duk ƙaiƙayi ne ekzima ba. Ƙyasbi da makero naman gwari ke kawo su, ƙazuwa kuma wani ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata. Duk wanda ya shafa musu maganin kwantar da garkuwa ya ɗaure wa cutar gindi. Mutumin Danchadi, ko Bodinga, ko Shagari da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gara ya fara da asibitin kusa, ya nemi a tura shi wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kuɗin mota ɗaya bai kai kuɗin tub goma na kemis ba.

Man tacrolimus yana zuwa da ƙarfi biyu. Mai lamba 0.03 shi ne na yara daga shekara 2 zuwa 15. Mai lamba 0.1 na manya ne. Ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Ana shafa shi kaɗan, sama-sama, a kan inda ciwon yake kawai, yawanci safe da dare, a wanke hannu bayan an gama, sai fa idan hannun ake yi wa magani. Ba a ɗaure wurin da leda ko bandeji, kuma a kiyaye kada ya shiga ido ko baki. Idan fata ta warke a tsaya. Wasu masu yawan dawowar ciwo likita kan sa su ci gaba da shafawa sau biyu a mako a wuraren da ya saba fitowa. Idan an yi mako biyu babu alamar sauƙi, a koma asibiti.

Abin da ya fi sa mutane jefar da shi shi ne raɗaɗi. Kusan rabin masu amfani da shi suna jin zafi ko ƙuna a wurin a kwanakin farko, yawanci ya wuce cikin mako guda yayin da fata ke haɗewa. Uwar da ba a gaya mata ba, ta ga yaro yana kuka, dole ta ce maganin bai karɓe shi ba. Hakkin likita da mai ba da magani ne su faɗa tun kafin a bar wurinsu.

Sai rana. Takardar maganin ta ce a rage shiga rana yayin amfani da shi, abin da ba shi da sauƙi ga mai noma ko kiwo. Riga mai dogon hannu da malafa suna taimakawa, kuma yana da kyau a gaya wa likita irin sana'ar da ake yi don ya tsara lokacin shafawa. Kada a shafa a fatar da ke fitar da ruwa ko mugunya, ko mai ɓawon rawaya, ko lokacin ƙarambau. Idan ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka feso a kan ekzimar, ga zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti a ranar. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, su sanar da likita kafin ya rubuta.

Wanda ya karanta takardar cikin kwali zai iya cin karo da gargaɗin ciwon daji, wanda hukumar Amurka ta sa a 2006 saboda abin da aka gani a dabbobin gwaji da masu shan ƙwayar bayan dashe. Daga baya an bi yara kusan 8,000 masu shafa man na tsawon shekaru, aka buga sakamakon a 2020, ba a ga ƙaruwar ciwon daji a cikinsu ba. Wannan abin kwantar da hankali ne, amma gargaɗin yana nan, kuma shi ya sa ake cewa a shafa iya buƙata, a iya wurin ciwo.

Duk wannan ba ya maye gurbin mai na yau da kullum. Wanka na ɗan lokaci da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, a bar soso da sabulu mai turare ko mai kashe ƙwayoyin cuta, a tsane jiki da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa Vaseline ko tsantsar man kaɗe tun jiki na da danshi. A bar tazarar awa biyu tsakanin man da maganin a wuri ɗaya. A yanke wa yaro farce, a sa masa kayan auduga. Shi kuma tub ɗin ba a son ya zauna a zafin da ya wuce digiri 25, alhali Sakkwato kan haura 40 a Afrilu, don haka kada a bar shi a taga, ko cikin mota, ko ƙarƙashin rufin kwano. A nema masa wuri mafi sanyi a ɗaki, inda hannun yara ba ya kaiwa.