Yadda Kwamfutoci Ke Zaɓen Shugaba a Tsakaninsu, da Dalilin da Ya Sa Wasu Ke Ɓacewa Daga Jerin Netwok

A ofis ko shagon buga takardu inda aka haɗa kwamfutoci biyar ko goma a kan rauta ɗaya, akwai matsalar da ta daɗe tana ba mutane haushi. Jiya an buɗe sashen Network na Windows an ga sunayen kwamfutocin duka. Yau an buɗe an ga biyu kawai, ko ma babu ko ɗaya, alhali kowacce tana kunne kuma intanet na tafiya lafiya. Wani lokacin kuma akasin haka ne: an kashe kwamfuta tun ɗazu, amma sunanta na nan daram a jerin.

Yawanci ba kebul ba ne ya lalace, kuma ba bairos ba ne. A tsohon tsarin raba fayil na Windows, jerin sunayen da ake gani ba hoton netwok ɗin ba ne kai tsaye. Rajista ce da kwamfuta guda ɗaya ke riƙewa a madadin saura, kuma wannan kwamfutar zaɓenta ake yi. Microsoft ta sa mata suna masta burauza. Sunan na rikita mutane, domin babu abin da ya haɗa ta da Chrome ko Opera Mini. Aikinta ya fi kama da na mai unguwa: ita ce ta san wa ya tare, wa ya tashi, kuma wurinta baƙo ke zuwa tambaya. A Windows 95 ma, sunan da aka ba wannan sashen yana nufin unguwar netwok ne.

Me ya sa ake buƙatar shugaba?

Tsarin raba fayil na SMB ya samo asali ne a kamfanin IBM a 1983, kuma Microsoft ta gina nata a kansa. A ƙaramin netwok na gida ko ofis babu wata babbar saba da aka ware don ajiye sunaye. Da a ce duk lokacin da mutum ya buɗe jerin sai kwamfutarsa ta yi shela kowa ya amsa, da hayaniya ta cika layin, musamman a netwok na wancan zamanin da ba shi da sauri. Sai aka ce ɗaya ta riƙe rajistar.

Kowace kwamfuta mai raba folda ko firinta tana sanar da kanta da zarar an kunna ta. Da farko tana maimaitawa a kai a kai, daga nan ta riƙa jinkirtawa har ta tsaya a kan sau ɗaya duk minti 12. Masta burauza na ji tana rubutawa. Ba ta goge suna sai ta rasa sanarwa uku a jere, wato minti 36. Nan ne amsar sunayen fatalwa: idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu ba tare da sallama ba, sunanta na iya wuce rabin awa a jeri.

Shugabar tana naɗa mataimaka waɗanda ke karɓar kwafin rajistar, kusan mataimakiya ɗaya ga kowace kwamfuta 32. Mai neman jeri wurin shugabar yake fara zuwa, ita kuma ta tura shi wurin mataimakiya.

Ranar zaɓe

Ba a sa wa zaɓen rana. Yana tashi ne idan wata kwamfuta ta nemi shugaba ba ta samu ba, ko idan aka kunna wadda aka saita ta a matsayin wadda aka fi so ta shugabanta. Wadda ta ga giɓin sai ta watsa saƙon zaɓe ga kowa ta tashar UDP mai lamba 138, ta zayyana cancantarta a ciki.

Babu jefa ƙuri'a. Kowace kwamfuta tana kwatanta abin da ta ji da nata. Idan mai shelar ta fi ta, sai ta yi shiru ta janye. Idan ita ce ta fi, sai ta watsa nata saƙon. Haka ake yi har a bar guda ɗaya tana magana ita kaɗai.

Ma'aunin yana da matakai, kuma na sama yana danne duk na ƙasa. Bayan an duba sigar tsarin zaɓen kansa, abu mafi nauyi shi ne nau'in babbar manhajar da kwamfutar ke ɗauke da ita. Windows 95 da danginta maki 1 aka ba su. Windows NT ta teburin aiki, da waɗanda suka gaje ta irin su XP, suna da 16. Windows ta saba tana da 32. Ba a duba ƙarfin na'ura ko yawan ma'adanarta ko kaɗan. Tsohuwar saba mai tafiyar hawainiya za ta kayar da sabuwar laftop mai tsada, saboda an ɗauka cewa saba ba a kashe ta.

Idan maki ya zo ɗaya, sai a duba muƙami. Babbar saba mai kula da asusun ma'aikata ita ce kan gaba. Wadda aka saita a matsayin zaɓaɓɓiya tana da ƙarin maki, haka ma wadda ke kan kujerar a lokacin, sannan mataimakiya tana gaban wadda ba ta riƙe komai ba. Ko a duniyar kwamfuta, mai ci yana da rinjaye.

Idan nan ma an yi kunnen doki, wadda ta fi daɗewa a kunne ce ke ci. Idan har wannan ya zo daidai, sai a koma ga suna: wanda ya riga zuwa a jerin haruffa shi ne da nasara. Kwamfuta mai suna AMINA za ta kayar da mai suna ZAINAB ba don komai ba sai don harafin farko.

Wata dabara mai kyau a tsarin ita ce jinkirin amsawa. Shugaba mai ci tana jira milisakan 100 kacal kafin ta amsa, mataimaka tsakanin 200 da 600, saura kuwa tsakanin 800 da 3,000. Ke nan waɗanda suka fi yiwuwar ci su ne ke fara magana, ƙanana kuma su ji su haƙura tun ba su buɗe baki ba. Wadda ta watsa saƙonta har sau huɗu babu mai ƙalubale ta ci zaɓe. Sai ta yi rajistar wani suna na musamman, __MSBROWSE__, ta sanar da kowa. Mai son sanin ko kwamfutarsa ce ke riƙe da sarautar zai iya buɗe tagar umarni ya rubuta nbtstat -n. Idan wannan sunan ya fito, ita ce.

Inda tsarin ke tuntuɓe

An tsara shi ne don kwamfutocin tebur da ke kwana a kunne. Laftop kuwa ana rufe ta a sa a jaka. Idan ita ce ta ci zaɓe da safe saboda ta riga kowa tashi, to da rana mai ita zai fita da rajistar unguwa gaba ɗaya. Sai an sake zaɓe, kuma sabuwar shugaba tana buƙatar lokaci kafin jerinta ya cika. A wurin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ana sauyawa daga layi zuwa janareta, ana iya yin zaɓe sau da yawa a yini guda.

Akwai kuma rikicin sarauta. Idan katangar tsaro ta wata kwamfuta ta toshe saƙonnin zaɓe, ba za ta ji abokan takara ba, sai ta ɗauka ita kaɗai ce ta naɗa kanta. Shugabanni biyu, jeri biyu, kowanne da giɓi. Windows na rubuta irin wannan saɓanin a kundin abubuwan da suka faru da lamba 8003.

Ba Windows kaɗai ke tsayawa takara ba. Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya ya fitar a 1992, tana sa na'urorin Linux su yi magana da harshen SMB. Ita ce ke cikin yawancin akwatunan ajiya na netwok da rautoci masu ramin USB. Makinta na asali 20 ne, wato ta fi Windows ta tebur, kuma ana iya ɗaga shi har 255 a layin os level na fayil ɗin smb.conf. Wannan abu ne mai amfani, tunda rauta ko akwatin ajiya ba ya barci. Amma idan aka saita na'urori biyu duka a matsayin zaɓaɓɓu, za su yi ta tayar da zaɓe ba ƙaƙƙautawa. Guda ɗaya ta isa.

Shelar kuma ba ta tsallake rauta. Waya ko laftop da ke kan Wi-Fi na baƙi, wanda aka raba da na gida, ba za ta ga jerin ba komai daɗewarta.

Gyaran da ya fi matsalar haɗari

Wannan zaɓen duka ya dogara ne da sigar farko ta tsarin, SMB1. Ita ce ƙofar da WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. Daga Windows 10 siga ta 1709, wadda ta fito a ƙarshen wannan shekarar, Microsoft ta fara janye SMB1, hidimar masta burauza kuma ta bi ta. Samba ma ta kashe SMB1 a saitinta na asali daga siga ta 4.11 a 2019. Sababbin Windows suna gano juna ne ta WS-Discovery, na'urorin Apple kuma ta Bonjour, kuma babu zaɓen shugaba a ko ɗaya.

Shi ya sa tsohon akwatin ajiya ko akwatin talabijin kan daina ganin sabuwar laftop. Bidiyoyi da yawa a YouTube suna ba da shawarar a sake kunna SMB1 don jerin ya dawo. Sau da yawa yana dawowa, amma an buɗe tsohuwar ƙofa ke nan saboda jin daɗin ganin sunaye kawai. Cinikin bai yi ba.

Ɓacewar suna daga jeri ba ta nufin fayilolin sun yi nisa. Jerin allon sanarwa ne kawai, hanyar tana nan. A Windows, rubuta adireshin kwamfutar kai tsaye, kamar \\192.168.1.20, yana kai mutum ga foldar da aka raba. A iPhone, manhajar Files tana karɓar smb://192.168.1.20 tun daga iOS 13, haka ma VLC da yawancin manhajojin fayil na Android suna da wurin shigar da adireshi da hannu. Abin da ya rage shi ne a shiga saitin rauta a ware wa kwamfutar adireshi ɗaya da ba ya canzawa, sannan a adana shi a wayar a matsayin gajeriyar hanya.